Hoton dare ba tare da filashi ba

  

Yau za ku huta da zancen da kuka saba ji a bakina. Makon jiya na ɗora hoton wani mai tsire da na ɗauka da daddare, baƙi da fari, hayaƙi na tashi ta gefen fuskarsa. Tun daga ranar saƙonni ke shigowa. Wani ya ce wane filta na sa. Wata ta ce don Allah wace waya ce wannan. To babu filta a ciki, babu waya. Fim ne. Ba na Kannywood ba fa, fim ɗin da ake naɗawa a cikin kyamara, a ɗauki hoto 36, a fito da shi a wanke da ruwan magani. Shi ya sa har gobe muke cewa za mu kai wankin hoto, alhali yanzu inji ne kawai ke bugawa, ba abin da ake wankewa.

Na yi alƙawarin bayani, to ga shi. Amma zan haɗa muku da labarin hoton da na lalata da hannuna, domin shi ya koya min kusan duk abin da zan faɗa yau.

Kyamarar da nake aiki da ita ta kawuna ce. A da shi mai hoto ne, irin masu bin gidajen biki da suna. Pentax K1000 ce, wadda aka fara fitarwa a 1976. Ƙarfe ce mai nauyi, ba ta neman batir sai don mitar da ke auna haske. Ranar da ya ba ni ita ya haɗa min da wata tsohuwar jaka cike da dodon hoto. Ƙannena ba su ma san mene ne dodo ba. Shi ne fim bayan an wanke shi, inda komai ke juyewa: haƙora su yi baƙi, gashi ya yi fari fat. Duk wanda ya ɗaga shi a haske zai gane inda sunan ya samo asali.

To mu fara da kalmar sauri. Idan aka ce fim mai sauri, ana nufin haske kaɗan ya ishe shi ya kama hoto. A jikin fim akwai wani siririn shafe mai ɗauke da ɗimbin ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya taɓa ƙwaya, sai ya bar mata wata alama da ido ba ya gani. Ruwan magani ne ke zuwa daga baya, ya nemo duk ƙwayar da ke da alama ya mai da ita baƙar azurfa. Ƙwaya babba ta fi ƙarama tarar haske, kamar yadda baho ya fi kofi tarar ruwan sama. Don haka fim mai sauri ƙwayoyinsa manya ne, kuma shi ya sa hotonsa ke fitowa da tsaki-tsaki. Wannan tsakin da manhajojin waya ke kwaikwayo, a fim azurfa ce ta gaske kake gani.

Ana rubuta saurin da lamba a jikin kwali, ana kiranta ISO: 100, 200, 400, 800, 1600, 3200. Duk lokacin da lambar ta ninka, hasken da fim ke buƙata ya ragu da rabi. Wannan ninkin shi zan riƙa kira mataki ɗaya. Ku riƙe shi, zai yi ta dawowa.

Ita kuma kyamara ku ɗauke ta kamar ido. Akwai faɗin da idon ke buɗewa, ana rubuta shi f/2, f/4, har f/16, kuma ƙaramar lamba ita ce buɗewa sosai. Akwai kuma tsawon lokacin da idon ke yi a buɗe kafin ya ƙifta, misali 1/60, wato kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa.

Bari in ba ku misali da teburin mai shayi mai ƙwan lantarki guda ɗaya. Idan fim ɗinka 100 ne, ka buɗe ido har f/2, a irin wannan hasken za ka iya buƙatar 1/4 na daƙiƙa. Kamar ba komai ko? Amma a wannan ɗan lokacin hannunka ya yi rawa, mai shayi ya juya cokali, hoto ya zama hazo. Da fim 1600 kuwa ka samu mataki huɗu: 1/8, 1/15, 1/30, 1/60. A 1/60 mutum zai iya riƙe kyamara da hannu, hoto ya fito tsaf. Amfanin fim mai sauri ke nan gaba ɗaya.

Waɗanne ne a kasuwa? Tsohon cikinsu shi ne Tri-X na kamfanin Kodak da ke Rochester a Amurka. An fitar da shi a naɗin ƙananan kyamarori a 1954. A lokacin saurinsa 200 aka rubuta, sai a 1960 da aka sauya yadda ake lissafin ya koma 400. Don ku ga girman abin, fim mai kala na Kodachrome a waɗannan shekarun saurinsa wajen 10 ne kacal. Akwai HP5 Plus na kamfanin Ilford da ke Ingila, shi ma 400, ya fito a 1989. Sai manyan guda biyu: T-Max P3200 na Kodak, wanda ya fito a 1988, aka daina yin sa a 2012, aka dawo da shi a 2018, da Delta 3200 na Ilford da ya fito a 1998. Wani abu da ba kowa ya sani ba, waɗannan biyun 3200 ɗin suna ne. Ainihin saurinsu a awo bai wuce wajen 1000 ba. An dai gina su ne yadda za su jure a matsa musu har 3200 a wajen wanki.

Na san wani zai ce, malam me ya kai ka wannan wahalar, ba ga filashi ba? Filashi na da wurinsa. Malick Sidibé na Bamako da filashi ya yi ta ɗaukar matasan Mali a wuraren rawa a shekarun 1960, kuma aikin ya kai shi ga babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a 2007. Amma a wurin rawa kowa so yake a gan shi. A teburin shayi kuwa, da ka haska filashi hira ta mutu. Kowa ya gyara zama, goshi na ƙyalli, bayan mutane ya yi baƙi ƙirin. Wurin da ka zo ɗauka ya riga ya tafi.

Akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, Roy DeCarava, da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar mutanen unguwar Harlem a New York: cikin ɗakunan girki, matattakalar bene, gidajen kiɗan jaz. Ba ya son filashi, da hasken da ya tarar yake aiki. A 1952 ya zama baƙar fata na farko mai ɗaukar hoto da ya samu tallafin Guggenheim, a 1955 kuma suka fitar da littafi tare da marubuci Langston Hughes. Ku nemi hotunansa ku gani. Duhu ne sosai, amma a cikin duhun akwai launi hawa-hawa, fuskokin baƙaƙen mutane na nan da cikakkiyar kamarsu.

Sai Ernest Cole na Afirka ta Kudu. A zamanin wariyar launin fata ya riƙa ɓoye kyamara a cikin jakar takarda ta abincin rana, ya shiga wuraren da aka hana ɗauka, har da sansanonin ma'aikatan ma'adinai. Mai ɓoye kyamara ai ba ya haska filashi. Ya bar ƙasar a 1966, littafinsa House of Bondage ya fito a 1967, gwamnatin ƙasarsa ta haramta shi. Ya rasu a gudun hijira a 1990. A 2017 aka gano dodon hotunansa kusan 60,000 a ma'ajiyar wani banki a Stockholm ta ƙasar Suwidin, ana iya buga su. Ku tambayi kanku, hotunan da kuka ɗauka da wayarku ta shekara bakwai da suka wuce, suna ina yanzu?

To yanzu labarina. A bakin layinmu akwai wani dattijo mai shayi, mutumin Nijar, tun ina firamare nake ganinsa a wurin. Lokacin muna jami'a, in aljihu ya bushe, shi ke ba mu shayi da burodi bashi, bai taɓa rubutawa ba. Duk wata shawara da muka taɓa yankewa mu matasan unguwa, a kan bencinsa muka yanke ta. Da na samu rol ɗina na farko na HP5, shi na fara tunawa. Na ce, "Baba, ina so in ɗauke ka hoto kana aiki." Ya yi dariya ya ce, "Ni kuma me za a gani a jikina, ɗana? To ɗauka."

Na saita kyamara a 1600 kamar yadda na gani a intanet. Dare biyu ina ɗauka har rol ya ƙare. Na wanke a banɗakinmu cikin watan Afrilu, da ruwan tankin sama, ba ma'aunin zafi. Na ga an rubuta minti 14, na ba shi minti 14. Da na zaro fim ɗin na ɗaga shi, sai na ga ƙwan lantarki, buta da farar hularsa sun yi baƙi kamar gawayi, abin da ke nufin a hoto za su fito fari fat ba wani zane. Inda fuskarsa take kuwa, wayam, kamar gilashi. Hoto 36, babu ko ɗaya da za ka gane Baba.

Na kai wa kawu ina tambaya ko akwai maganin da za a ƙara. Ya ɗaga shi ta taga ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, nan wurin haske bai rubuta komai ba. Ko shekara ka jiƙa shi, magani ba ya karanta abin da ba a rubuta ba."

Na ce ba komai, zan sake. Amma fim ba a shagon unguwa ake sayensa ba, sai an yi oda an jira. Kafin wani ya iso, Baba ya tafi gida gabanin damina kamar yadda ya saba. Wannan karon bai dawo ba. Wani yaro ne a teburin yanzu. Abin da ya rage min na mutumin da ya ciyar da ni bashi shekara huɗu shi ne hoton hularsa da butarsa.

Kuskure biyu na yi, ɗaya wajen ɗauka, ɗaya wajen wanki. Bari mu bi su.

Na farko, ban fahimci abin da na yi ba da na saita 1600. Masu harkar suna kiran wannan ingiza fim. Fim ɗinka 400 ne, ka yi wa kyamara ƙarya ka ce 1600 ne, sai ta ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da yake buƙata. Sannan ka rama a wajen wanki ta hanyar tsawaita lokaci. A takardar Ilford, HP5 Plus a cikin maganinsu ID-11 ba sirki, a zafin digiri 20, minti 7 da rabi ne idan an ɗauka a 400, minti 10 da rabi a 800, minti 14 a 1600. Sai dai ƙarin lokacin wuraren da suka samu haske yake ƙara wa kauri. Wurin inuwa, inda ƙwayoyin ba su samu alama ba, haka zai zauna fanko. Wato mai haske ya ƙara haske, mai duhu ya zauna a duhunsa. Kuma ku lura, mu baƙaƙe ne. Da daddare fuskarmu a bakin inuwar nan take zama. Ita ce farkon abin da ke faɗawa rami idan aka yi ganganci.

Sannan mita ta yaudare ni. Mitar kyamara ba ta san mutum ba. Ita dai tana haɗa duk hasken da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki, kamar launin toka. Da ƙwan lantarki ya shigo cikin abin da take gani, sai ta ɗauka wurin da haske sosai, ta ce in rage. Na rage, na kashe fuskar Baba.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka matsa kusa har fuskar mutum ta cika idon kyamara, ba ƙwai ba fitila a ciki, ka auna a nan. Ka saita, ka ja baya, kada ka ƙara sauraron mita ko allurarta na tsalle. In ba za ka iya matsawa ba, ka sa tafin hannunka a irin hasken da ke kan fuskarsa ka auna, sannan ka ƙara buɗe ido mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi tsaka-tsakin nan haske. Idan kana shakka tsakanin saiti biyu, zaɓi wanda ya fi ba da haske. Fim baƙi da fari yana yafe yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Shi ya sa da yawa masu amfani da Delta 3200 ke ɗauka a 1600, su wanke da lokacin 3200.

Sauran dabarun na jiki ne. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka jingina da bango ko turken lantarki, ka saki numfashi rabi sannan ka danna a hankali. Ka saita gani a kan ido, domin a f/2 abin da ke fitowa tsaf ɗan siriri ne, hanci na iya fita ido ya ɓace. Kuma ka jira. Mai tsire zai sunkuya kan wuta, mai shayi zai ɗago kai wajen ƙwai. A wannan daƙiƙar haske ke zuwa fuska da kansa.

Abu biyu kuma kafin mu shiga wanki. Rol ɗaya sauri ɗaya ne, domin tare za a wanke shi. Ba kamar waya ba ce da za ka sauya a kowane hoto. Da ka cire shi, rubuta 1600 a jikinsa da maka, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Na biyu, in ka sa fim mai sauri sosai, ka haƙura da tsakar rana. A rana tsaka fim 3200 na neman wajen 1/3200 ko da ka tsuke ido zuwa f/16, ita kuwa K1000 iyakarta 1/1000.

To wanki. Ba ka buƙatar ɗakin duhu irin na fina-finai mai jar fitila. Hasali ma jar fitilar ta takardar bugawa ce, fim ɗin nan yana ganin ja, za ta ƙona shi. Abin da kake buƙata: ƙaramin tankin wanki mai hana haske shiga, irin na Paterson, da kwarkwaron da ake naɗa fim a ciki, baƙar jaka mai hannuwa biyu da ake aiki a cikinta, ma'aunin zafi, kofin awo, almakashi, mabuɗin kwalba, da agogon wayarka. Magani uku ne: dibelofa mai fito da hoto, ruwan tsayarwa, da fiksa.

A cikin baƙar jakar za ka buɗe gwangwanin fim, ka naɗa shi a kwarkwaro da laluben hannu, ka sa a tanki ka rufe. Nan ne kaɗai ake buƙatar duhu. Gargaɗi ga mu 'yan ƙasar zafi: hannu na gumi a cikin jakar nan, kuma kwarkwaron roba in ya ji danshi fim maƙalewa yake. Ka wanke hannu da ruwan sanyi ka busar, ka yi a gaban fanka. Kafin nan ka yi ta gwaji da lalataccen fim ido a rufe har hannunka ya haddace.

Da ka rufe tanki, sauran aikin a haske ne. Rol ɗaya na cin mililita 290 a tankin Paterson. Ka zuba dibelofa, ka kunna agogo, ka kifa tankin ka dawo da shi sau huɗu a daƙiƙa goman farko, sannan ka maimaita haka a farkon kowane minti. Ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim. Lokaci na cika ka zubar, ka zuba ruwan tsayarwa na kamar rabin minti, ko ruwa zalla in babu. Sai fiksa, minti 2 zuwa 5 idan mai sauri ce, T-Max da Delta kuma a ba su ɓangaren sama na lokacin. Aikin fiksa shi ne narkar da ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, don kada su yi baƙi idan ka buɗe. Tun 1819 wani masani ɗan Ingila, John Herschel, ya gano gishirin da ke wannan aikin. Shi kuwa ID-11 ɗan uwan D-76 ne na Kodak, wanda ake amfani da shi tun 1927. Wato tsohon ilimi ne da aka gwada aka tabbatar, mu ne dai muka zo a makare.

Kuskurena na biyu a nan yake. Duk lokutan da ke takarda na digiri 20 ne. Bayan abin ya faru na sayi ma'auni na tsoma a ruwan tankinmu, na ga ya haura 30. Magani na ƙara ƙarfi da zafi, kusan kashi goma cikin ɗari na lokacin kan ragu da kowane digiri ɗaya. Ke nan minti 14 da na ba shi a wannan zafin ya ninka abin da ya kamata har da ɗori. Dafa fim ɗin na yi.

Yanzu ga yadda nake yi. Bayan sallar asuba nake wanki, lokacin gari da sauran sanyi. Ina ɗiban ruwan randa, na fi samun sa da sanyi a kan na tanki. In bai sauko ba, sai in sa kwalaben magani a cikin baho da ƙanƙara ƙulle a leda, ina dubawa har ya kai 20. In ya ƙi, 24 ma ana aiki da shi, sai a rage lokaci bisa jadawalin da kamfanin ya fitar. Amma kada lokacin ya gaza minti 5, wankin ba ya yin daidai. Kuma duk ruwan da zai taɓa fim ya zama zafinsu kusa da juna. Ka fito da shi daga sanyi ka watsa masa ruwa mai ɗumi, shafen na iya yamutsewa kamar fatar kada.

Ɗauraya ba sai ka saki famfo na rabin awa ba, wa ke da wannan ruwan? Ilford na da hanya mai tsimi: cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, cika ka kifa sau 10 ka zubar, cika ka kifa sau 20 ka zubar. Shi ke nan. A ƙarshe ɗigon maganin hana tabon ruwa, sai shanya. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, in ta manne a jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan. Ka yayyafa ruwa a ƙasan banɗaki, ka rataye fim da abin shanya sama da ƙasa, ka rufe ƙofa, ka roƙi mutanen gida su ba ka awa biyu. In ya bushe, ka ɗora shi a kan farin haske, ka ɗauka da waya ko sikana, ka juya launin a manhaja. Haka hoton mai tsiren ya iso gare ku.

Don Allah a kula, magungunan nan ba abin wasa ba ne. A sa safar hannu, wasu fatarsu ba ta jure dibelofa. Kada a zuba su a gorar lemo ko ta ruwan sha, a rubuta suna a jiki, a ɗora inda yara ba sa kaiwa. Tsohuwar fiksa na ɗauke da azurfa, kada a zubar kusa da rijiya.

Ajiya ma da nata. Fim mai sauri ya fi kowane saurin lalacewa, zafi na sa shi hazo tun ba a ɗauka ba. A sa shi a firji cikin robarsa, in an fito da shi a bari ya huce kafin a buɗe. In an ɗauka kuma a wanke da wuri. Idan wani zai taho muku da shi ta jirgi, ya riƙe a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, domin na'urorin haska kaya, musamman sababbin nan, suna ɓata shi.

Ba zan ɓoye muku ba, harkar na cin kuɗi, kuma waya mai kyau za ta ɗauki dare cikin sauƙi fiye da haka. Ban ce kowa ya koma fim ba. Amma darasin auna haske a kan fuska, na mai waya ne ma. Gwada yau da daddare, danna kan fuskar mutum a allon wayarka kafin ka ɗauka, ka ga bambanci.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk lissafin nan muhimmanci a wurina. Rashin filashi na nufin za ka iya ɗaukar mutum bai sani ba. Ernest Cole azzalumar gwamnati ya ɓoye wa kyamara. Kai maƙwabtanka ne a gabanka. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka faɗi inda hoton zai je. Matan mutane, yara, marasa lafiya, wanda ke cikin halin da ba zai so a gan shi ba, in ba a yarda ba ka sauke kyamara. In an yarda, ka zauna har a manta da kai, a lokacin hoto ke zuwa.

Mai tsiren nan sati guda ina zuwa wurinsa kafin in ɗauka. Na auna a kan kumatunsa, f/2, 1/60, na wanke da asuba a digiri 20 cif. Da na kai masa bugaggen hoton, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya kira yaransa su gani. Yanzu yana rataye a jikin rumfarsa cikin leda saboda maiƙo.

Aikin gida na wannan makon: ku tambayi iyaye da kakanni ko akwai dodon hoto a gida, a ƙasan akwati ko cikin tsohon ambulan. In kun samu kada ku zubar, kada ku taɓa tsakiyarsa da yatsa, ku riƙe ta gefe ku ɗaga a haske ku ga wa ke ciki. Ku faɗa min abin da kuka gani. Kuma in akwai wani dattijo a layinku da kuke ta cewa wata rana za ku ɗauke shi hoto, ku je yau.

Mu haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.